Maigadin da Ba Ya Gyangyaɗi

Duk wanda ya taɓa ɗaukar maigadi ya san abin da yake biya wa kuɗi: idanu biyu da za su zauna a buɗe har kiran assalatu. Ya kuma san cewa wajen ƙarfe biyun dare idanun nan sukan ci amanar mai su. To kyamarar tsaro maigadi ce da ba ta gyangyaɗi, ba ta zuwa wurin mai shayi, ba ta neman izinin tafiya ƙauye ranar Sallah. Sai dai kada ka yi saurin murna, malam, domin ba ta da gora, ba ta da kwari da baka. Ɓarawo zai hauro katanga tana kallonsa, ya kwance janareta tana kallonsa, ya fice tana kallonsa. Aikinta na gaskiya shaida ne. Saboda haka abin da mai ƙaramin ƙarfi zai tambayi kansa kafin ya kwance bakin aljihu shi ne: in aka kira wannan shaida gaban mai unguwa ko ofishin 'yan sanda, za ta iya cewa "wane ne, ga fuskarsa", ko kuwa iyakarta ta ce "wani mutum ne dai mai riga"?

Shiga kasuwa ka gani, ko Sabon Gari ce a Kano, ko titin Beirut, ko Alaba in harka ta kai ka Legas. Mai shago zai sauko maka da ƙaton kwali mai sheƙi, ya buga shi da tafin hannu. "Alhaji, takwas ne a ciki, har da akwatinsu, ga waya, ga komai. Kai dai kawai ka ɗauka." Farashin kuma ya yi daɗin ji. A nan ne ake yanka mutane. Wanda ya je kara da kuɗin tunkiya biyu ya dawo da awaki takwas, to ya san irin awakin da ya sayo, kafin damina ta faɗi zai fara jefar da su ɗaya bayan ɗaya. Araha ba ta ado. Tambayi mai shagon ko akwai faifan ajiya a cikin akwatin, sau da yawa za ka ji ya ce ai wannan daban ake saye. Wato an sayar maka da rumbu ba gindi.

Kafin ka je kasuwar ma, zagaya gidanka da ƙafa. Ɓarawo kamar akuya yake, ba ta ko'ina yake shiga gona ba, yana da ɓarauniyar hanyarsa. Ga ƙofar gida, ga lungun bayan katanga inda ba fitila, ga wurin da mota ko babur ko janareta ke kwana, sai ƙofar baya in akwai. Yawancin gidajenmu ba su wuce haka ba. Kyamara uku ko huɗu masu kyau sun rufe waɗannan hanyoyi, ragowar huɗun da ke cikin kwalin nan sai dai su yi ta kallon bishiyar darbejiya. Abin da zan ce ka yi wa faɗi shi ne akwatin da ke naɗar hoton. Ana yin sa mai baki huɗu, mai takwas, mai sha shida, kowane baki na kyamara ɗaya. Uwargida mai hankali ba ta sayen tukunya daidai cikin mutanen gidan na yau, ta san baƙi za su zo, iyali za su ƙaru. Sayi mai baki takwas ko da kyamara uku za ka fara da su, bambancin kuɗin ba shi da yawa, kuma ranar da Allah ya hore sai ka ƙara ba tare da ka zubar da tukunyar ba.

Sai maganar megafiksel, wadda da ita ake rikita mai saye. Hoton kyamara ɗige-ɗige ne, kamar ƙwayar gero. Ɗauki mudu guda na gero ka zuba a faifai, zai yi kauri, ba ka ganin gindin faifan. Ɗauki mudun nan ka watsa a tsakar gida, sai tsinta-tsinta, kaji ne kawai za su gode maka. Kyamara mai megafiksel 2, wadda ake rubuta wa 1080p, tana da ƙwaya 1920 a jere daga hagu zuwa dama, kuma wannan shi ne mudunta, ba ya ƙaruwa. Masu wannan sana'a suna da ma'auni: don a shaida fuskar baƙo, ana so kowace mita ɗaya ta samu ƙwaya wajen 250. Yi lissafin da kanka, za ka ga mudun nan ya ishi fili mai faɗin mita bakwai zuwa takwas ne kawai. In ka ce sai ta ɗauko maka layin gaba ɗaya tun daga masallaci har bakin titi, za ta ɗauko, amma kowa a ciki zai zama ɗan tsana. Za ka ga an shiga, za ka ga an fita, ba za ka san ko ɗan uwanka ne ba.

Abin da ke watsa geron ko ya tara shi, shi ne gilashin idon kyamarar. Duba jikin kwali za ka ga an rubuta milimita 2.8, ko 3.6, ko 4, ko 6. Ƙaramar lamba ido ne mai faɗi, irin na mai tsaron rumfa da ke son ganin kowa. Babbar lamba ido ne mai tsinkaye, irin na maharbi, yana ganin nesa amma bai san abin da ke gefensa ba. Mai 2.8 ta dace da harabar gida da gareji. Doguwar hanya ko siririn lungu, mai 6 ce maganinsu. A ƙofar gida kuwa, inda kake son fuska, matso da ita kusa, kada ka yi rowar kusanci.

Akwai kuma masu algus. Wata kyamarar za ka ga an rubuta mata megafiksel 5 ko 8 alhali idon da ke cikinta na 2 ne, an dai hura hoton ne ya kumbura. Nono ne aka tsuga wa ruwa: ƙwarya ta cika, ɗanɗano babu. Maganin wannan a shagon yake. Ka ce a haɗa maka ita, ka sa yaron shago ya tsaya taku goma da ita riƙe da takardar kuɗi ko kwalin da ke da rubutu, a naɗa, sannan a mayar maka da abin da aka naɗa. Kada ka yarda da hoton da ake nuna maka kai tsaye, ka ce na ajiye kake so, domin shi za ka kai wa hukuma. Gani ya kori ji.

Inda za a kafa ta ma ilimi ne. Masu haɗawa suna son kai ta can ƙarƙashin rufin bene, wai kada a sace. To daga can me za ta gani? Hula da rawani da tsakiyar kai. Ba a taɓa kama ɓarawo da shaidar sanƙonsa ba. Tsayin mita biyu da rabi zuwa uku ya isa: hannu ba ya kai wa sai da tsani, fuska kuma ba ta ɓuya. Kada kuma ka sa ta fuskanci fitowar rana ko faɗuwarta. Ka tuna yadda in kana zaune cikin zaure da tsakar rana mutum ya tsaya a bakin ƙofa, inuwa baƙa kawai kake gani sai ya yi sallama ka gane murya. Ita ma haka take ji, kuma ita ba ta san muryar kowa ba.

Da rana kowace kyamara gwana ce, kamar yadda kowace mace ta iya miya in nama ya wadata. Dare ne ke raba su. Waɗannan 'yan jajayen ɗigo da kake gani kewaye da idonta da dare tocila ce, mai wani irin haske da idon mutum ba ya gani, ita kuwa tana gani da shi, sai dai hoton fari da baƙi ne. A kwali za a ce hasken yana kai mita 20 ko 30. Raba shi biyu, kamar yadda kake raba farashin farko da ɗan kasuwa ya faɗa. Kuma tocilar tana da halinta. In akwai farin bango a gefenta, hasken zai doki bangon ya dawo ya kashe mata ido. In mutum ya matso daf da ita, fuskarsa za ta yi fari fat kamar wanda ya faɗa buhun fulawa, ba hanci ba baki. Ƙwari suna son wurin, gizo-gizo ya biyo su ya yi saƙa a kan gilashin, zare ɗaya tal sai ya fito a hoto kamar igiyar shanya, ya yi ta rawa har gari ya waye. Tsintsiya mai dogon hannu da tsumma, musamman lokacin hunturu da ƙura ke lulluɓe komai, suna cikin kayan aikin tsaro, ko da yake ba a sa su a kwali.

Ga wani abin mamaki: mai yawan megafiksel ba lalle ta fi gani da dare ba. Ka ɗauka ana yayyafi, ka jera kwanuka a tsakar gida don tarar ruwa. In filin ɗaya ne, manyan kwanuka kaɗan kowanne zai tara abin kirki, amma in ka cika filin da 'yan ƙananan kofuna, kowanne sai ɗan digo. Haske da dare yayyafi ne. Kyamara mai arha da aka cusa wa ƙwaya miliyan takwas a ɗan ƙaramin ido, kowace ƙwaya ƙishirwa take kwana da ita, hoton ya fito da dusa-dusa. Mai 2 ko mai 4 ta kamfanin kirki takan ba ta kashi. Ƙwan fitila guda mai sola a saman ƙofa kuwa yakan gyara hoton dare fiye da ƙarin kuɗin da za ka zuba wa kyamara, ga shi shi kansa ɓarawo ba ya ƙaunar haske.

Yanzu ga akwatin. Iri biyu za a nuna maka, ɗaya an rubuta masa DVR, ɗaya NVR, kuma mai shago zai yi ta jero maka Turanci. Abin bai kai haka ba. Gidan DVR gidan tukunya ɗaya ne: kowace kyamara ta kawo cefanenta ɗanye ta cikin waya, akwatin ne ke girki. Gidan NVR kuwa kowace mata da murhunta, kowace kyamara 'yar ƙaramar kwamfuta ce, ta dafa nata ta aiko da shi a rufe, akwatin ya karɓa ya ajiye. Kowa ya san gidan murhu huɗu ya fi cin itace, kyamarorin NVR sun fi tsada. Amfaninsu shi ne aikin ya fi tsafta, kuma in akwatin mai PoE ne, waya ɗaya ce ke yin aiki biyu, kamar jakin da ya kai wa masu noma abinci ya dawo da dami: ta kai wuta, ta dawo da hoto. Iyakar tafiyar jakin nan mita 100 ce, wadda ta ishi kusan kowane gida. Na DVR kuwa hanya biyu ake ja, ta hoto daban ta wuta daban, ko da an manne su a jiki ɗaya. In ka tambaye ni, mai ƙaramin ƙarfi da ke son ido huɗu a gida bai yi faɗuwa ba in ya ɗauki DVR. Na yanzu suna ba da hoto mai megafiksel 2 har 5, kuma tuwon tukunya ɗaya ma yana ƙosarwa.

Sunayen da za ka fi cin karo da su Hikvision ne da Dahua, dukansu daga birnin Hangzhou na ƙasar Sin, kuma kowanne yana da ƙannensa masu sauƙin kuɗi: HiLook da Ezviz na gidan Hikvision ne, Imou kuma daga gidan Dahua ta fito. Sauƙin rayuwa shi ne akwati da kyamara su fito gida ɗaya. In kuwa NVR ka saya kana son gauraya, nemi kalmar ONVIF a jikin kowanne. Wata yarjejeniya ce da kamfanonin Axis da Bosch da Sony suka kafa a 2008 don kayan kamfanoni daban-daban su riƙa jin maganar juna. Hausar kasuwa ce ke nan, wadda Babarbare da Bafulatani da Bayarabe ke ciniki da ita a kasuwar Kurmi. Ciniki yana faɗawa, amma ba kowace habaici ce ake ganewa ba: hoto zai zo, wasu dabarun kyamarar kuwa sai a gidan ubanta suke aiki.

Akwai 'yan ƙananan nan masu wayifai, irin su Tapo, da ake sa wa memori kamar wayar hannu, har da masu sola da ke cin layin waya. Ga ɗan haya da ba zai fasa bangon mutane ba, ko mai ɗan shago, da babu gara ba daɗi. Amma ka sani ita wannan rumbunta a cikinta yake, wanda ya ɓalle ta ya tafi da shaida da mai shaidar. Za a ce maka ai tana ajiya a intanet. Gaskiya ne, amma hayar sito ce, kowane wata sai ka biya, ga kuɗin data a kai.

Faifan ajiya shi ne inda mutane suka fi yin rowa, kuma shi ne inda rowa ta fi ciwo. Yadda yake aiki kamar allon almajiri ne: in ya cika, sai a wanke na farko a rubuta sabo a kai. Kyamara huɗu masu megafiksel 2 da ke naɗa dare da rana sukan cika terabait ɗaya cikin kwana goma zuwa mako biyu. Ka yi tafiyar wata guda ka dawo ka tarar an yi maka ɓarna a makon farko, to an riga an wanke allon. Dubi ko akwatin yana da H.265. Wannan dabara ce ta danne hoto, kamar yadda ake danna auduga a buhu, tana kusan ninka kwanakin da tsohuwar H.264 ke bayarwa. Kana kuma iya cewa ya riƙa naɗa sai in an yi motsi, sai dai akwatin mai arha bai san bambancin mutum da kyanwa da inuwar reshe ba, kowa ya gifta sai ya rubuta.

Kuma ba kowane faifai ba ne. Na kwamfutar ofis dokin hawan Sallah ne, ya yi sukuwa ya huta. Aikin nan kuwa na jakin ɗiban ƙasa ne, ba Juma'a ba Lahadi. Akwai waɗanda aka ƙera don shi, kamar WD Purple da Seagate SkyHawk, su za ka nema. Na hannu da aka ciro daga tsohuwar kwamfuta kuwa tsohon jaki ne da aka shafa wa mai, ranar da kake buƙatarsa ranar zai kwanta. Kada kuma ka ɗora akwatin a falo ƙarƙashin talabijin kamar kayan ado. Ɓarayin yanzu sun waye, shi suke fara nema. Ɓoye shi inda baƙo ba zai yi zato ba, amma inda iska ke shiga, domin zafin watan Afrilu ba ya raga wa faifan da aka kulle a durowa.

Waya ita ce igiyar guga. Rijiya ta bayar guga ya hana, haka kyamara mai kyau take zama a kan ruɓaɓɓiyar waya: hoto ya riƙa rawa, layuka su riƙa gudu a kai, da dare in tocilar ta kunna ta nemi ƙarin wuta sai kyamarar ta ɗauke gaba ɗaya. Je da reza kasuwa. Feƙe bakin wayar ka kankare zaren. In ja ne har ciki, tagulla ce. In ka kankare jan ya tafi fari ya bayyana, alminiyam ne aka yi wa wanka, yana karyewa, kuma ba ya kai wuta nesa. Sannan a zura ta cikin bututu, don rana da ɓera duk ba su san ka kashe kuɗi ba.

Duk wannan surutu banza ne in ba wuta. Maigadin nan da ba ya gyangyaɗi, ana ɗauke wuta yake sumewa, kuma daren da unguwa ta yi duhu shi ne daren kasuwar ɓarawo. Abin daɗin shi ne ba shi da ci. Kyamara huɗu da akwatinsu ba su cika wuce wat 40 ba, fankar sama ɗaya ta fi su ci, kuma yawancin na DVR da bolt 12 suke aiki, irin na batirin mota. Batir mai lamba 100 da caja, ko da ɗan faranti na sola, zai raka su dare guda har da saura. In kana da inbata a gida, ja musu layinsu daban, kada firji da dutsen guga su shanye musu rabo. Ka sa musu kuma abin kare wuta mai ƙarfi, don wutar da ake dawowa da ita a fusace da tsawar damina sun kashe akwatuna fiye da ɓarayi. In kuɗinka na kyamara huɗu ne cif ba batir, sayi biyu da batir. Ido biyu a farke sun fi huɗu a sume.

Saura maganar da ba a son yi. Kyamarar da aka haɗa da intanet ƙofa ce, kuma tana buɗewa ta waje. Da yawa, musamman marasa suna, sukan zo da lambar sirri ta kamfani, irin su 12345, kamar kwadon da duk kasuwa mabuɗinsa ɗaya. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta yi ta bin irin waɗannan kwaduna a duniya, ta shige kyamarori da akwatunan naɗa dubu ɗaruruwa, aka haɗa su runduna aka kai hari da su, har manyan shafuka irin su Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga jama'a da yawa a Amurka. Masu kayan ba su ma san an yi yaƙi da jakunansu ba. Kusa da gida kuma, yaron da ya haɗa maka yakan sa gidanka a wayarsa don gwaji, ya tafi da shi a aljihu. Magini ba ya tafiya da mabuɗin ɗakin da ya gina. Kafin ya sauka daga tsani, canza lambar da hannunka, ka sa a cire na'urar daga asusunsa a mayar naka, a gabanka.

Wannan ne ma ya sa ban ga dalilin kafa kyamara a tsakar gida ba, inda iyali ke zama ba mayafi, ana wanki ana kitso. Tsare hanyoyin shigowa, ka bar cikin gida da sutura. Haka maƙwabci: in idon kyamararka ya leƙa ta saman katangarsa, ka zama mai leƙen gidan mutane da na'ura, kuma yana da gaskiya in ya kai ƙara. Karkatar da ita, ko a rufe wannan ɓangaren a cikin saitin akwati, yawancinsu suna da wurin yin haka.

In an gama haɗawa, kada ka biya cikon kuɗin aiki da rana. Bari a yi sallar isha'i, ka kashe wutar gidan daga mita don ka ga ko batir ya karɓa, ka sa ɗanka ya shigo ta ƙofa ya zagaya lungu, sannan ka zauna ka nemo hoton da kanka, ka kwafe shi a filashi ba tare da an riƙe maka hannu ba. Duba kwanan wata da agogon da ke kan hoton ko daidai suke, don shaidar da ba ta san ranar da abu ya faru ba wahalar da kai za ta yi a gaban hukuma. In ka gane fuskar yaron, biya mai aiki haƙƙinsa. In ba ka gane ɗan cikinka ba, a sake hawa tsani.